Bindigar Kakanmu da Tsohon Kasuwar Jakande

Ɗaurin auren 'yar Kawu ne ya kai ni Ikko, amma in don gaskiya ne, hotuna tara da ke cikin wayata sun fi auren tsaya mini a rai. Hotunan wata tsohuwar bindiga ce da ke rataye a ɗakin marigayi kakanmu a Rano. Tun muna yara ake ce mana da ita mahaifinsa ya tari Nasara a Kwatarkwashi a 1903, ranar da Waziri Ahmadu ya faɗi. A cikin sa'o'ina babu wanda ya taɓa jin ƙararta. Kunamarta ta cije, tsatsa ta like ramin wutar, ƙotar ta tsage an naɗe ta da ɗanyar fata har fatar ta bushe ta koma kamar ice. Duk da haka, in faɗa ya haɗa mu da yaran maƙwabta, da ita muke tinƙaho. A jikin farantin ƙarfen da ke gefenta akwai hoton kambin sarauta, da lamba 1862, da wata kalma guda, TOWER. Wannan rubutu ya shekara talatin yana yi mini kallon da ban gane ba.

Hanya ba ni da abin faɗa a kanta sai ciwon baya. Mun bar Kano da la'asar, muka ci abinci a Lokoja tsakar dare, rana ta same mu kusa da Ibadan, sannan gosulon shiga gari ya cinye mana ragowar hantsin.

Agege kuwa na yi zaton zan sauka a baƙon wuri, sai na tarar da Fagge da aka jiƙa da ruwan sama. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga kiran salla daga kowace kusurwa, ga ƙanshin burodin nan nasu mai nauyi da ake ci da wake. Yaran unguwar za su gaishe ka da Hausa, su juya su yi wa mai danfo tsiya da Yarbanci, ba ko tuntuɓe a harshe. Goro ne ya kafa mutanenmu a nan. Tun da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912, fatake suka daina doguwar tafiyar jakuna zuwa Gwanja, suka riƙa ɗaure huhu a Agege suna ɗora wa jirgi. Kakanmu ma ya yi wannan fatauci da ƙuruciyarsa, kuma sawunsa Kawu ya biyo har ya zauna ya tara iyali.

Bayan an shafa fatiha an watse, da daddare na fito da hotunan a majalisar ƙofar gida. Wayar ta zaga hannu ya fi goma. Kowa da sunan da ya ba ta: wani ya ce adaka, wani ya ce ta toka, wani ɗan Zamfara ya ce su harba-ka-ruga suke cewa, don in ka harba ba ka samu ba, ƙafa ce kaɗai za ta cece ka kafin ka sake ɗuri. Wani tsohon Bayarabe mai gadin layin, wanda da can maharbi ne, ya leƙa ya ce, "Sakabula." Sai ya ƙara matso da wayar kusa da ido, ya girgiza kai, ya yi wata magana da Yarbanci. Ɗan Kawu ya fassara mini: wai wannan ba aikin maƙeran gida ba ne, ta Turawa ce, amma an yi mata kaciya.

Majalisa ta fashe da dariya. Ni kam ban yi ba.

Kawu ne ya ce, "Kai ɗan nan, in da gaske kake, gobe ƙanenka ya raka ka Lekki, kasuwar Jakande. Akwai wani dattijo mutumin Katsina da ya tsufa a sayar wa Turawa kayan da. In bai san ta ba, to ka haƙura."

Muka yi sammako. Danfo zuwa Oshodi, wata kuma ta ɗauke mu ta kan doguwar gadar nan ta Third Mainland, mai kusan kilomita 12, ruwa dama da hagu, masunta a ƙasa cikin kwalekwale kamar ba su san da hayaniyar da ke bisa kansu ba. Na roƙi ɗan Kawu mu sauka a cikin tsibiri mu ɗan taka, ya yarda ba da son ransa ba, don shi tarihi bai dame shi ba, cajin wayarsa ne damuwarsa.

Ban yi nadamar saukar ba. A dandalin Tinubu na tsaya ina tuna cewa matar da aka sa wa wurin sunanta, Efunroye Tinubu, babbar 'yar kasuwa ce da ta yi cinikin bayi da taba da gishiri, ta kuma yi na bindiga da albarushi, har ta taimaki Egbawa da makamai lokacin da Dahomey ta kawo musu hari. Taku kaɗan daga nan akwai zauren tunawa da Glover, Baturen da a 1863 ya tara wasu Hausawa, yawancinsu bayin da suka kuɓuta, ya ba su kaki da bindiga. Daga wannan ƙaramar runduna ake ƙirga asalin soja da 'yan sandan ƙasar nan. Wato tun kafin a haifi kakan kakana, Bahaushe na saɓe da bindigar Ingila a bakin ruwan nan. Kuma shekara arba'in bayan haka, irin waɗannan sojoji, masu jin yarenmu, su ne suka tsaya a bayan Nasara a ƙofar Kano. Wannan ba a cika faɗa mana shi a gida ba.

Kasuwar Jakande lungu-lungu ce, rumfa na shafar rumfa. Duwatsun wuya, jakunkunan fata, gumakan tagulla, zanen hannu, takubba masu kube ja. Rabin masu rumfunan da Hausa suka amsa mana sallama. Dattijon da muke nema muka same shi a can ƙurya, zaune kan buzu, yana goge wata tsohuwar butar tagulla da toka da lemon tsami.

Muka gaisa, ya tambayi mutanen Agege ɗaya bayan ɗaya, ya sa yaro ya kawo mana ruwa. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, fuskarsa ta ɗan canza.

"Ka zo da ita?"

"A'a Baba, hoto ne kawai."

"Madalla. Da ka zo da ita, da na ce ban san ka ba."

Ya ce shi bai taɓa ajiye bindiga a rumfa ba, ko matacciya. Dokar makamai ta 1959 ba ta bar ko adaka a baya ba, ita ma sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda, kuma ɗan sandan kan hanya ba zai tsaya duba ko kunama na motsi ba. Abin da yake da shi sai ƙahonin zuba albarushi guda biyu, da wata tsohuwar jakar maharba, da wani gwangwanin madara cike da farantan ƙarfe irin na gefen bindiga, waɗanda Turawa ke saye su ɗora a kan tebur.

Ya sa tabarau, ya ɗauko madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ya karɓi wayar. Ya daɗe a kan hoton farko. Na ƙagu, na nuna masa rubutun da yatsa.

"Bar wannan," in ji shi. Ya zazzage gwangwanin a kan buzu, ya tsinto faranti uku ya jera mini. Duka ukun an buga musu TOWER. "Ɗaya ce ta gaske a nan. Biyun maƙeran Turai ne suka buga don su yaudari kakanninmu, saboda sun gane baƙin mutum ya yarda da wannan suna. Mu da muke turara sabon gunki da hayaƙi mu binne shi wata uku ya zama na zamanin da, ai ba mu muka fara ba." Ya yi dariya har da tari.

Sai ya wuce zuwa hoto na huɗu, wanda na ɗauka daga sama, ya buɗe shi da yatsu biyu. A bayan bututun, kamar taƙi ɗaya daga inda wuta ke kamawa, akwai wani tabo mai kusurwa huɗu, launinsa ya bambanta da sauran ƙarfen. Na sha ganinsa, na ɗauka tsatsa ce.

"Ga shaidarka nan. Nan abin saiti yake, aka ɓamɓare shi. Bindigar da aka ƙera don kasuwa ba ta da wannan tabo, don tun farko ba a sa mata abin saitin nesa ba. Taka ta soja ce, ba shakka. Amma ta yi ritaya tun kafin ta ga Afirka."

Daga nan ya shiga karanta mini ita kamar mai karanta allo. Icen da ke ƙarƙashin bututun, in ji shi, da can ya kai kusan baki, da zobban ƙarfe uku suna riƙe da shi. Yanzu an datse shi a rabi, zobe ɗaya ya rage. Bututun an rage masa tsawo, don haka wuƙar da soja ke maƙalawa a baki ba ta da wurin zama. A can gaba an dasa ɗan ƙwallon farin ƙarfe kamar ƙwayar gero, irin na bindigar harbin tsuntsu. An kuma like wani ɗan bututu a ƙasa don ya riƙe sandar ɗuri, tunda icen da ke riƙe ta ya tafi. Ya tambaye ni ko na taɓa leƙa cikinta da tocila. Na ce na leƙa, sumul take kamar cikin gora. Ya ce to kaciyar da Bayaraben ya faɗa ke nan.

Abin da ya yi mini bayani da bakinsa, da abin da na bi na karanta daga baya, sun hau kan juna. Samfurin bindigar shi ne Enfield ta 1853, wadda sojan Ingila ya riƙe a yaƙin Kirimiya. Ta baki ake ɗura ta, amma cikin bututunta, mai tsawon inci 39, an yanka kwarmi uku masu murɗawa, su ne ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar mazari, ya tafi nesa a miƙe. Abin saitin da aka ɓamɓare ɗin nan yana da alamu har yadi 900. Ita ce ma bindigar da kunshin albarushinta ya zama sanadin boren sojojin Indiya a 1857: sai soja ya yage takardar da haƙori kafin ya ɗura, sai magana ta bazu cewa da kitsen alade da na saniya aka shafe ta, Musulmi da Hindu duk suka ƙi. Shekarar da ke jikin tamu kuwa, 1862, tsakiyar yaƙin basasar Amurka ce, lokacin da maƙeran Birmingham ke ƙera irinta dubu ɗaruruwa suna sayar wa ɓangarorin biyu.

Darajarta ba ta daɗe ba. A 1866 Ingila ta fara yanka bayan irin waɗannan bindigogi tana mai da su masu cin harsashi ta baya, su ne ake kira Snider, kuma ba da jimawa ba ma aka zo da waɗanda suka fi su. Soja ya daina waiwayar duk abin da ake dakawa ta baki. Rumbunan gwamnatoci suka cika da bindigogi lafiyayyu da ba mai so, aka riƙa gwanjonsu a farashin da bai fi na ƙarfen jikinsu da yawa ba. 'Yan kasuwa suka kwashe. A birnin Liyej na Beljiyam da Birmingham, da kuma Amurka, inda wani dillali mai suna Bannerman ya tara irin wannan kaya har sai da ya sayi tsibiri guda a kogin Hudson don ajiya, an mai da da yawansu bindigar manomi.

Na tambayi dattijon me ya sa za a ɗauki abu mai kyau a lalata shi.

"Wa ya ce maka lalatawa ce? Kai manomi ne, zabi sun sauka a gonarka. Me za ka yi da harsashi ɗaya mai tafiyar yadi ɗari tara? So kake ka watsa musu ƙwayoyin darma su baje kamar an watsa tsaba. In kwarmin nan na ciki, sai ya juya ƙwayoyin su tarwatse, tsakiya ta zama wayam, zabuwa ta tashi tana yi maka dariya. Shi ya sa ake share cikin ya zama sumul. A rage tsawo, a rage ice, ta yi sauƙin saɓawa. Kuma ba ruwanka da harsashin kanti. In kana da albarushi, ko me ka samu ka ɗura."

Akwai wani dalili kuma da bai shafi zabi ba. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brasels suka sa hannu cewa a mafi yawan Afirka ba za a sayar wa 'yan ƙasa bindiga mai kwarmi ko mai ci ta baya ba, sai mai sumul ɗin ciki, irin ta ƙyastu, da albarushi gama-gari. A takarda, don a kashe cinikin bayi ne. A ƙasa kuwa, abin da ya haifar shi ne mai kaki yana da wadda ke kaiwa nesa, mai gari yana da wadda ke tsayawa kusa. Shekara biyu bayan nan, a Imagbon, Ijebu suka ga bambancin da idonsu, ranar da sojan Ingila ya kunna musu Maxim, bindiga mai aman harsashi ba tsayawa. Kafin dokar, ta Ikkon nan 'yan kasuwa suka aika wa Ekiti da Snider a yaƙin Kiriji, wanda Ekitin suka gwabza da Ibadan, yaƙin da ake cewa daga ƙarar bindigogin ma ya samo sunansa. Bayan dokar, Liyej ta ci gaba da ƙera bindigar ƙyastu saboda kasuwar Afirka har cikin ƙarni na 20, alhali a Turai ta zama kayan gidan tarihi.

Mu ba baƙin bindiga ba ne, tun da can. Mai Idris Alauma na Barno ya ajiye 'yan bindiga Turkawa a ƙarni na 16, a Kano kuma Sarki Babba Zaki ne aka ce ya fara tsayar da 'yan bindiga a kusa da shi a ƙarni na 18, kuma har gobe su ne ke cika gari da hayaƙi ranar hawan salla. Sai dai abin da ya iso hannun talaka, mafi yawa, saura ne da wasu suka gama da shi.

Na yi shiru, sannan na yi tambayar da na zo da ita tun daga Rano.

"To Baba, an je Kwatarkwashi da ita ko ba a je ba?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ɗana, ƙarfe ba ya faɗar inda ya je, sai dai abin da aka yi masa. Mutum in ya matsu, ko da taɓarya yana fita yaƙi. Amma wanda ya gyara wannan, tsuntsu ya nufa da ita. Kana da tsoho a gida?"

Na ce saura Goggo, yayar mahaifina, ta haura tamanin.

"Ka zo har Lekki, ka bar ta a gida?"

Na sayi ƙahon albarushi ɗaya don kada in tashi hannu rabbana. Ya rantse mini na gaske ne, ya kuma yi mini ragi, abin da ya sa har yanzu nake kokwanto. A hanyar komawa ruwa ya tsuge, muka yi awa uku tsakanin Obalende da Agege, ɗan Kawu na barci a kafaɗata, ni kuwa ina jin haushin da ban san wa zan ɗora wa ba. Har na fara tsara yadda zan yi shiru da maganar in na koma, don akwai ƙannena da ke shirin sa hoton bindigar a kalandar zumunci ta gidanmu, da rubutun Kwatarkwashi a ƙasa.

Bayan isha'i na kira Rano, na sa jikarta ta kai mata wayar.

"Goggo, barka da dare. Ina gajiya?"

"Gajiya tana wurinku, ku da kuka sha biki. An ɗaura lafiya? Amarya ta yi kuka?"

Sai da muka gama da amarya, da lefe, da wanda ya zo da wanda bai zo ba, sannan na lallaɓa na kawo zancen bindigar Malam, wato kakan namu. Na fara kewaye-kewaye, wai wani dattijo a nan yana ganin kamar...

"Bindigar birai?" in ji ta.

Na ce wace ce ta birai?

"Ta ɗakin Malam mana. Ai daga nan inda kake ya zo da ita. Ina da wayo, ban kai aure ba. A cikin tabarma ya naɗo ta, tare da huhun goro, ya ce wurin wani maharbi Bayarabe ya saya. Shekarar birai sun hana mu cin masarar fadama. In ya buga ta sau ɗaya da asuba, sai su kwana uku ba su dawo ba. Zabi kuwa mun ci har mun gaji. Ranar da ta tsage ƙotar nan ma ina tsaye, ya cika mata ciki ne, ta hankaɗe shi ya zauna a cikin kunya."

Tana dariya, ina jin jikokin na dariya a bayanta.

"To Goggo, maganar Kwatarkwashi fa?"

"Kakan ya je, wannan gaskiya ne. Da mashi ya je, ya dawo ba shi da shi. Babanku ne ya haɗa labarin biyu yana yaro, don ya tsorata 'ya'yan gidan Sarkin Fawa, Malam kuma ya ji bai ce komai ba."

"Shekara da shekaru kina ji muna faɗa, ba ki taɓa gyara mana ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kai dai in za ka taho, ka riƙo mini goro fari na Agege, daushe, kada ka bari su ba ka ɗanye. Ka ba Kawunku wayar."